Karatun lauya ne ke kai mutum majalisa? Mu dubi tafiyar Aminu Waziri Tambuwal

Wani ƙanina ɗalibin shari'a ɗan aji huɗu ne ya turo min tambaya, ya ce: "Barista, burina in na gama in shiga siyasa in je majalisar wakilai. Karatun lauyan nan zai ba ni fifiko a can ko dai wahalar banza nake? In da misalin wanda ya bi hanyar ya kai, a ba ni."

Toh ƙanina, ba wahalar banza kake ba, amma kuma kar ka ɗauka hular gashin nan da baƙar rigar su ne za su buɗe maka ƙofa. Na yi 'yan shekaru ina yi wa wani ɗan majalisa aikin rubuta ƙudiri da shirya masa abin da zai faɗa a zaure kafin na koma cemba, wato ofishin lauyoyi, kuma abin da na gani da idona shi ne karatun lauya yana amfani ne bayan ka riga ka shiga ciki, shigar kuwa wani abu ne daban. Kundin tsarin mulki ma bai nemi digiri ba, sashe na 65 abin da ya ce kawai ka kai matakin sakandare, ka zama ɗan jam'iyya ita ta tsayar da kai, sai shekaru, da 30 ne na majalisar wakilai, a 2018 aka sauko da shi zuwa 25. Kenan ɗan kasuwar da ke sayar da taki a garinku, in jama'a na sonsa kuma yana da uban gida a jam'iyya, zai iya kayar da kai warwas da digirinka da komai.

Misalin da zan ba ka shi ne Aminu Waziri Tambuwal, Mutawallen Sakkwato. Ba don ina yi masa kamfen ba, akwai abubuwan da ban yarda da su ba a tafiyarsa kuma zan faɗa, sai don a rayuwarsa ne za ka fi ganin inda lauyanci ya yi aiki da inda bai taɓuka komai ba.

An haife shi ranar 10 ga Janairu 1966 a garin Tambuwal. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, malamin makaranta aka fara horar da shi, ya yi kwalejin horon malamai ta Dogon Daji ya fito da Gireti Tu a 1984, daga baya ne ya shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya karanta shari'a ya gama a 1991, ya je makarantar horas da lauyoyi ta Legas, aka rantsar da shi lauya a 1992. Daga nan ya yi aikin lauya kamar kowa, amma ka lura da wani abu, tun a lokacin ya tsunduma cikin harkar ƙungiyar lauyoyi ta NBA, daga reshen Sakkwato har ya riƙe muƙamai a matakin ƙasa. Kai da kake makaranta wataƙila ba ka san yadda zaɓen NBA yake ba, wallahi siyasa ce tsagwaronta, akwai ɓangarori, akwai yawon neman ƙuri'a reshe reshe, akwai alkawarin da ake yi da dare a karya da safe. Duk wanda ya iya neman ƙuri'ar lauyoyi, mutanen da kowannensu ke ganin ya fi ka sani, toh ya fara koyon sana'ar.

Amma makarantarsa ta gaskiya ita ce 1999. Da aka dawo mulkin farar hula, sai ya zama mataimaki kan harkokin majalisa ga Sanata Abdallah Wali, wanda shi ne jagoran majalisar dattawa a lokacin. A taƙaice yaron gida ne, mai riƙe fayil. Ni nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, saboda yawancin samarin lauyoyi suna raina irin wannan aikin, gani suke ya za a yi barista guda ya koma bin wani da jaka. Alhali a wannan kujerar ce kake sanin yadda ake saka abu a jadawalin zaman rana da yadda ake cire shi ba wanda ya ankara, kake sanin wane akawun kwamiti ne in ya ajiye takardarka a ƙasan tebur sai bayan zango, kake sanin littafin ƙa'idojin majalisa wanda ba a koyar da shi a aji ko sau ɗaya. Ni kaina na taɓa ɓata kusan wata biyu ina gyara wani ƙudiri, kowane sashe na auna shi da kundin tsarin mulki, na yi alfahari da shi sosai, ya tsallake karatu na biyu aka miƙa wa kwamiti, shikenan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba har majalisar ta ƙare. Laifina shi ne ban taɓa zuwa na gaida shugaban kwamitin ba, kuma ban sa maigidana ya je ba. Rubutun bai da aibu ko ɗaya, ni ne ban san gari ba.

A 2003 Tambuwal ya tsaya da kansa a ANPP ya ci mazaɓar Kebbe da Tambuwal. Zuwa 2005 ya zama shugaban marasa rinjaye, ɗan zangon farko fa. Sai ga 2007, kuma a nan ne za ka fara ganin halin da ya bi shi har yau. Ya bi Gwamna Attahiru Bafarawa zuwa DPP, da tikiti ya gagara a can ya dawo ANPP, da Aliyu Magatakarda Wamakko ya tattara ya koma PDP shi ma ya bi shi, duk a kakar zaɓe ɗaya. Ya ci zaɓe a PDP, ya zama mataimakin bulaliyar majalisa. Ka ga a duk wannan kai-komon ba wani sashe na doka da ya cece shi, sanin inda iska ke kaɗawa a siyasar Sakkwato ne kawai.

Sai 6 ga Yuni 2011, ranar da sunansa ya zagaye ƙasa. PDP ta riga ta raba muƙamai shiyya shiyya, kujerar kakaki an ba Kudu maso Yamma, jam'iyya da fadar Shugaba Jonathan suna bayan Mulikat Akande-Adeola daga Oyo. Tambuwal ya ƙi janyewa, ya haɗa kai da 'yan PDP masu jin haushin a riƙa yi musu naɗi daga waje, ya jawo 'yan adawa, har da 'yan ACN da Femi Gbajabiamila ke jagoranta, waɗanda yawancinsu Yarabawa ne amma suka ƙi zaɓen 'yar yankinsu. Aka kaɗa ƙuri'a ya samu 252, ita ta samu 90, Emeka Ihedioha ya zama mataimakinsa. Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, ita ma Mulikat lauya ce. Lauya da lauya ne suka kara, kenan ba takardar ce ta raba gardama ba. Haka aka sake yi a 2015, Yakubu Dogara lauya, Gbajabiamila lauya, Dogara ya ci da 182 da 174, shi ma a kan saɓa wa zaɓin jam'iyyarsa. Inda lauyanci ya shigo a 2011 shi ne sanin cewa sashe na 50 cewa ya yi 'yan majalisa su zaɓi kakaki daga cikinsu, bai ambaci jam'iyya ba, bai ambaci shiyya ba, rabon shiyya tsarin cikin gida ne na PDP wanda ba kotun da za ta tilasta wa zaure. Kowa na iya karanta wannan layin, amma wanda ya saba tsayawa gaban alƙali ya fi sanin nauyin abin da doka ta yi shiru a kansa.

Majalisar da ya jagoranta ta bakwai ba ta zama 'yar amshin shata ba, wannan ko maƙiyinsa zai ba shi. Da gwamnati ta cire tallafin mai ranar 1 ga Janairu 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, ya kira zaman gaggawa ranar Lahadi 8 ga wata, ana hutu, majalisar ta nemi a dakatar da matakin, ta kuma kafa kwamitin binciken kuɗin tallafi ƙarƙashin Farouk Lawan. Ƙarfin yin irin wannan binciken daga sashe na 88 da 89 yake, su ne suka ba majalisa ikon kiran kowa ta yi masa tambaya ta nemi takardu. Rahoton ya tona abubuwa da yawa, sai kuma abin kunya ya biyo baya, maganar dalolin da ɗan kasuwa Femi Otedola ya ce ya ba shugaban kwamitin, shari'ar da ta ƙare da ɗaurin shekara 7 a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5. Na kawo wannan ne don ka san ikon binciken nan da za ka karanta a littafi kamar abu mai tsarki, a aikace wuƙa ce mai baki biyu, kuma a ganina wannan badaƙalar ta rage wa majalisar Tambuwal kwarjini fiye da duk wata rigima da ta yi da fadar shugaban ƙasa.

Akwai kuma aikin gyaran kundin tsarin mulki, wanda shi ne aikin lauyoyi na asali. A Nuwamba 2012 aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a dukkan mazaɓu 360, aka yi ta kai-kawo shekara biyu da wani abu, majalisun jihohi suka amince, cikin gyare-gyaren har da raba ofishin antoni janar da na ministan shari'a, da cire buƙatar sa hannun shugaban ƙasa a gyaran kundi. A 2015 Jonathan ya ƙi sa hannu, gwamnati ta garzaya kotun ƙoli, wa'adin majalisa ya ƙare, aikin ya bi ruwa. Dokokin da suka tsira daga wannan zangon akwai masu amfani, irin dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da za ka yi ta fama da ita in ka fara zuwa kotu, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, amma babban aikin dai bai kai gaci ba.

Yanzu bari mu zo inda ni a matsayina na lauya na fi jin daɗin labarin, kuma inda na fi jin haushinsa, duka a wuri ɗaya. Sashe na 68(1)(g) ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya koma wata kafin wa'adinsa ya cika ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata. A ƙarshen Agusta 2013 PDP ta fashe, aka samu sabuwar PDP ta Kawu Baraje, a Nuwamba gwamnoni biyar suka koma APC har da Wamakko da Kwankwaso, a Disamba 'yan majalisar wakilai 37 suka bi su. PDP ta yi ta ihu a kore su, kakaki bai kori kowa ba. Shi kansa ya zauna a PDP kusan shekara guda kowa ya san zuciyarsa ba ta nan, sai ranar 28 ga Oktoba 2014, a ƙarshen zama, ya sanar ya koma APC, kuma aka ɗage zaman majalisa zuwa 3 ga Disamba. Ka ga dabara? Kafin masu son tsige shi su haɗa kai an riga an rufe zauren, kuma tsige kakaki sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, wato 240, adadin da PDP ba ta da shi.

Bayan kwana biyu muƙaddashin sufeto janar na 'yan sanda Suleiman Abba ya janye masa jami'an tsaro, hujjarsa wai bisa sashe na 68 ya daina zama kakaki. Mu lauyoyi a lokacin dariya da takaici suka haɗe mana, saboda ɗan sanda ba shi ke fassara kundin tsarin mulki ba, aikin kotu ne. Kuma je ka buɗe 68(2) ka karanta da kanka, wanda doka ta ɗora wa alhakin zartar da korar ɗan majalisa shi ne shugaban majalisar dattawa ko kakakin majalisar wakilai, bayan an gabatar wa zaure gamsasshiyar hujja. Wato Tambuwal ne zai tashi ya bayyana cewa kujerar Tambuwal ta zama babu kowa. Wuƙa da nama duk suna hannunsa, waɗanda suka rubuta kundin ba su taɓa kawowa a ransu cewa kakakin ne da kansa zai sauya sheƙa ba. Sannan ba inda aka ce dole kakaki ya fito daga jam'iyya mai rinjaye, ai a jamhuriya ta biyu Edwin Ume-Ezeoke ɗan NPP ne ya riƙe kujerar alhali NPN ce ta fi yawan kujeru.

Sai 20 ga Nuwamba 2014, da aka dawo zaman gaggawa kan buƙatar tsawaita dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe. 'Yan sanda suka rufe ƙofar majalisa, aka harba barkonon tsohuwa, manyan mutane da babbar riga suka riƙa haura gyet, hoton da duk wanda ya gani ba zai manta ba. 'Yan uwansa suka kewaye shi suka shigar da shi zaure, shugaban majalisar dattawa David Mark ya rufe majalisar baki ɗaya. Nan ma ka lura, doka tana gefensa a kan batun 'yan sanda, amma abin da ya shigar da shi ginin a ranar mutanen da suka yarda su shaƙi hayaƙi saboda shi ne. Ya ci gaba da riƙe kujerar kakaki har ƙarshen Mayu 2015.

Haushin da na ce ina ji shi ne wannan. Manufar sashe na 68 a fili take, ƙuri'ar da talaka ya jefa wa jam'iyya kar wani ya ɗauke ta ya kai kasuwa. Abin da aka yi a 2013 da 2014 ya nuna wa kowa cewa in shugaban zaure na tare da kai sashen nan ba shi da haƙori, kawai ka miƙe ka ce akwai rikici a jam'iyyarka a buga guduma. A Afrilu 2015 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan majalisar wakilai daga Ondo da ya bar jam'iyyar Labour, ta ce rabuwar da doka ke nufi ita ce wadda ta taɓa shugabancin jam'iyya na ƙasa, ba rigimar jiha ko ƙaramar hukuma ba, ya rasa kujerarsa. Hukunci mai kyau, amma ka duba majalisa yau ka gaya min mutum nawa aka kora saboda shi. Masu kare Tambuwal za su ce PDP ta lokacin da gaske ta dare har sama, kuma suna da abin faɗa, masu suka za su ce kafin Oktoba 2014 ɓangaren Baraje ya riga ya narke cikin APC, babu sauran rabuwa. Ni ina ganin masu sukan sun fi kusa da gaskiya ta fuskar doka zalla, duk da cewa abin da 'yan sanda suka yi ya fi nasa muni nesa ba kusa ba. Ƙwarewar lauya ce ta ba shi damar bi ta wannan ramin, kuma ramin bai rufu ba har yanzu.

Sauran tafiyar ka sani, zan bi ta da sauri. Ya ci gwamnan Sakkwato a APC a 2015, kuma wanda ya kayar shi ne Abdallah Wali, maigidan da ya riƙe wa fayil a 1999, siyasa kenan. A Agusta 2018 ya koma PDP, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Fatakwal ya zo na biyu da ƙuri'a 693, Atiku na da 1,532. Zaɓen gwamna na 2019 ya zama inkonkulusib, aka ƙarasa, ya tsira da ratar ƙuri'a 342 kacal a kan Ahmed Aliyu, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli ta tabbatar masa a Janairu 2020. A Mayu 2022 ya hau mumbari a taron fidda gwani ya janye wa Atiku, abin da Nyesom Wike, abokin karawar Atiku a taron, bai yafe ba. A 2023 ya koma majalisa a matsayin sanatan Sakkwato ta Kudu. A matsayin gwamna ba a kore shi don sauya sheƙa ba, don sashen da ke kan 'yan majalisa babu irinsa a kan gwamna, wannan ma wani giɓi ne da ya kamata ka sani.

Toh me lauyanci ke ba ka a zaure a zaman yau da gobe, ban da ranakun rikici? Yana ba ka saurin karanta ƙudiri ka gane inda aka ɓoye abu, don wani lokacin kalma ɗaya, a ce minista "zai iya" maimakon "dole ya", ita ce ke mayar da doka ta zama ado. Yana sa ka san abin da ke hurumin tarayya da abin da ke na jiha, kar ka kawo ƙudirin da za a yi maka dariya. Yana ba ka bakin tsayar da zama da batun ƙa'ida, kuma a kwamitocin shari'a da na gyaran kundi lauyoyi ake fara nema. Amma ka san mutanen mazaɓarka ba za su taɓa tambayarka ƙudiri nawa ka kawo ba, abin da za su tambaya rijiyar burtsatse, taransifoma, takardar ɗaukar aiki, kuɗin asibiti, kuma wayarka ba za ta huta ba ko ƙarfe biyun dare. Na ga lauyoyi masu kaifin kai da suka yi zango ɗaya aka watsar da su don sun ɗauka majalisa kotu ce, na kuma ga waɗanda ba su taɓa buɗe baki a zaure ba suna komawa sau huɗu. Tsohon kakaki Ghali Na'Abba da ya fi kowa taka wa Obasanjo burki, a zamaninsa ne majalisa ta tsallake ƙin sa hannun shugaban ƙasa ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, a 2000, kimiyyar siyasa ya karanta ba shari'a ba.

Saboda haka in ni ne kai, zan gama karatun da kyau tukuna, in je makarantar lauyoyi, in yi ko da shekara uku zuwa biyar ina shiga kotu da gaske don in samu sana'ar da zan koma in siyasa ta juya min baya, kuma tana juyawa. Cikin waɗannan shekarun ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka ta ƙauye ba a Abuja ba, ka riƙa zuwa taron gunduma, in an kama yaran unguwa ba bisa ƙa'ida ba ka je ofishin 'yan sanda ka tsaya musu kyauta, irin wannan ne mutane ke tunawa. In ka samu damar zama mataimakin ɗan majalisa, ko na jiha ne, karɓa ko albashin bai taka kara ya karya ba. Tsakanin rantsar da Tambuwal a matsayin lauya da ranar da ya fara zama a zaure shekara 11 ne, kai kuma ko aji biyar ba ka shiga ba. Kafin mu sake magana nemi kundin tsarin mulki ka karanta daga sashe na 47 zuwa 89 a zaune ɗaya, sannan ka nemo hukuncin Abegunde ka karanta shi gaba ɗaya, ba taƙaitawar da ake rabawa a aji ba, sai ka turo min ra'ayinka kan ko kujerar kakaki ta halatta gare shi bayan 28 ga Oktoba.